Zamanin da Majak Daw yake shi kaɗai

A ƙarshen shekarar 2009 ƙungiyoyi 16 ne ke fafatawa a AFL, babbar gasar ƙwallon da Ostireliya ta ƙago wa kanta, kuma cikin ɗaruruwan 'yan wasan da ke cin abinci da ita babu ko ɗaya da aka haifa a Sudan. Alhali a lokacin unguwannin yammacin Melbourne sun cika da iyalan da yaƙin basasar Sudan ya koro, kuma 'ya'yansu dogaye suna zama aji ɗaya da yaran da ba su da zance sai na ƙwallon. A watan Disamba na shekarar ne ƙungiyar North Melbourne ta ɗauki wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Majak Daw. Yau abin ya zama gama-gari. A wancan lokaci labari ne da ya ƙetare shafukan wasanni.

Wasan ba irin wanda muka saba gani ba ne. Fili mai siffar ƙwai, ƙwallo ita ma haka, mutum 18 a kowane ɓangare. Ana buga ta da ƙafa, ana tura ta da dunƙulallen hannu, amma ba a jefa ta. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili: wanda ya buga ta bi tsakanin manyan biyun ya ci maki 6, wanda ya kauce zuwa gefe ya samu 1. Abin da ya fi tayar da 'yan kallo tsaye shi ne mutum ya yi tsalle, wani lokaci har ya dafa kafaɗar wani da gwiwa, ya cafe ƙwallon a sama. Tun 1859 aka rubuta dokokinsa a Melbourne, kuma har gobe a birnin ana gadon ƙungiya ne daga uba ko uwa.

Hanyar kaiwa sama a shimfiɗe take, sai dai an shimfiɗa ta ne don yaron da ya fara da wuri. Tun yana ɗan shekara 5 ake kai shi shirin yara na Auskick ranar hutun mako, inda iyaye ke koyarwa kyauta. Daga nan sai ƙungiyar unguwa, aji bayan aji. Wanda ya yi fice a jihar Victoria yakan shiga gasar 'yan ƙasa da shekara 18 da aka kafa a 1992, wadda a lokacin ake kira TAC Cup, kuma a nan ne masu farautar 'yan wasa ke zama a gefen fili da littattafansu. Ƙarshen shekara sai a yi zaɓe: ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a tebur ita ke fara ɗauka, a bi da bi har a gama. Ba ciniki ake yi da iyaye ba, yaron kuma ba shi ke zaɓar inda za shi ba. Ɗan Melbourne na iya kwana a ɗakin mahaifiyarsa, mako mai zuwa ya tsinci kansa a Perth, can ɗaya gefen nahiyar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan wasa ƙafa ce iccen. Sakin ƙwallo mai siffar ƙwai daga hannu zuwa ƙafa, a guje, ta tafi miƙe zuwa ƙirjin abokin wasa mai nisan mita 40, abu ne da jiki ke haddacewa a ƙuruciya. Yaron da ya kai matakin zaɓe yawanci ya yi fiye da shekara goma yana yi.

Daw bai samu waɗannan shekaru ba. An haife shi a Khartoum a 1991. Iyalinsa suka bar Sudan yana yaro, suka zauna a Masar kimanin shekara uku, sannan suka isa Ostireliya a 2003, yana ɗan kimanin shekara 12. Suka zauna a yammacin Melbourne, wajen Werribee. Lokacin da sa'o'insa ke gyara bugun da suka daɗe da iyawa, shi Turanci yake koyo. Da ya shiga wasan a ƙungiyar unguwarsu ta Wyndham Vale, jikinsa ne ya yi masa magana: tsawon da ya kai santimita 195, tsalle, gudu. Cikin 'yan shekaru ya kai ga Western Jets a TAC Cup, yana buga matsayin dogon da ke tsalle a tsakiyar fili ya doke wa abokansa ƙwallo idan alƙali ya jefa ta sama.

Babban zaɓen Nuwamba 2009 ya zo ya wuce, ba wanda ya kira sunansa. Ƙungiyoyin sun ga baiwar, sun kuma ga aikin da ke gaba. Sai a zaɓen 'yan jiran gado, makonni kaɗan bayan haka, North Melbourne ta ɗauke shi a lamba ta 9. A tsarin wancan zamani ɗan jiran gado yana atisaye da manya, albashinsa bai kai nasu ba, kwantiraginsa gajere ne, kuma galibi ba zai buga wa babbar ƙungiya ba sai wani ya ji raunin da zai daɗe yana jinya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin nan shi ne shekaru ukun da suka biyo baya. Daga 2010 zuwa 2012 Daw bai buga wasan AFL ko ɗaya ba. Yana can ƙungiyar Werribee, a gasar jihar, yana koyon abin da wasu suka koya a firamare: inda zai tsaya, lokacin da zai ruga, lokacin da zai jira. Saurayin da aka ɗauka a irin wannan lamba yakan yi wannan koyo a ɓoye, ya yi kuskurensa ba wanda ya damu. Shi kuwa kyamarori na biye da shi. Hukumar gasar, wadda ke son shigar da wasan cikin al'ummomin baƙin haure, ta naɗa shi jakadanta. Ana kai shi makarantu, ana tambayarsa game da 'yan gudun hijira, game da matasan Sudan da jaridu ke yawan ambata a labaran laifi. An mai da shi fuskar al'umma guda tun bai samu gurbinsa a fili ba. Ban ce da mugun nufi aka yi ba. Amma kaya ne da ba a ɗora wa sa'o'insa ba, kuma ban ga alamar an tsaya an auna nauyinsa ba.

A 2011, yana buga wa Werribee wasa da Port Melbourne, wani ɗan kallo ya zage shi saboda launin fatarsa. An hukunta mutumin, kuma hukuncin ya samu ne domin wasu sun riga sun sha wannan ɗaci. A 1993 Nicky Winmar, ɗan asalin ƙasar, ya ɗaga rigarsa gaban magoya bayan Collingwood ya nuna fatarsa da yatsa. A 1995 Michael Long ya ƙi yin shiru kan zagin da aka yi masa a fili, har gasar ta kafa dokar hana cin zarafin launin fata. Daw ya gaji dokar, ya kuma gaji dalilin kafa ta.

Ranar da ya jira ta zo a Afrilu 2013, a wasa da Brisbane. Ya cafe ƙwallo a farkon wasan, bugunsa na farko a AFL ya ci maki 6. Ba a jima ba kansa ya yi karo da na abokin wasansa, aka fitar da shi. Makonni uku bayan haka ya zura shida a wasa da Western Bulldogs, aka ce tauraro ya fito. Sai dai matsayinsa na tsakiya na hannun Todd Goldstein, ɗaya daga cikin gwanayen zamanin, don haka ya yi ta kai da komowa tsakanin manya da gasar jihar. A 2016 ya lashe kyautar cafiyar da ta fi kowacce kyau a shekarar. Sai a 2018, da koci Brad Scott ya mai da shi mai tsaron baya, aka ga ɗan wasan da ya natsu. Shekara takwas ke nan da ɗaukarsa.

A Disamban shekarar ya faɗo daga gadar Bolte a Melbourne, ya kakkarye a ƙugu. Daga baya ya yi magana a fili kan damuwar da ta daɗe tana cinsa. An yi masa tiyata, ya sake koyon tafiya. A Agustan 2020 ya koma fili a wasa da Adelaide, ya ci ƙwallo, abokan wasansa suka ruga suka rufe shi. Ƙarshen kakar ƙungiyar ta sallame shi. Wata ƙungiyar dabam mai suna Melbourne ta ɗauke shi, bai buga mata wasan manya ba, ya ajiye wasa a 2022 da wasanni 54.

Na bayansa sun tarar da wata hanya dabam. Aliir Aliir, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, Sydney ta ɗauke shi a babban zaɓen 2013, kuma a 2021, yana Port Adelaide, ya shiga jerin gwanayen ƙasa na shekara. Gasar ta ba ƙungiyoyi damar buɗe makarantun horo ga 'ya'yan baƙin haure da na 'yan asalin ƙasar tun suna ƙanana, wato shekarun nan da Daw ya rasa. Mac Andrew, ɗan iyayen Sudan ta Kudu da aka haifa a Masar, ya taso a irin wannan makaranta ta ƙungiyar Melbourne. Da zaɓen 2021 ya zo, darajarsa ta yi tsadar da doka ba ta bar Melbourne ta riƙe shi ba, Gold Coast ta ɗauke shi a lamba ta 5.