Akwatin da ke yanke wa Inna magana

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To amma a ƙasar Gobir, inda da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane a wajen biɗa, ƙafa ta daɗe da neman mataimaki. A da, ɗan lakkwal ake kira ya rubuta wasiƙa, a ba direba ya kai. Daga baya aka koma naɗar murya a kaset, mutanen gida su zauna kewaye da rediyo, kowa ya faɗi gaisuwarsa, kaset ɗin ya yi wata guda bisa hanya kafin ya isa hannun mai shi. Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta soma yaɗuwa a Nijar, abin ya sauya ƙwarai, har ta kai yau tsohuwa tana iya ganin fuskar ɗanta da ke bayan Sahara tana zaune bisa tabarmarta. Sai dai kowace sabuwar hanya tana zuwa da irin tata wahalar.

A garin Cadakori, cikin gundumar Gidan Runji ta jahar Maraɗi, akwai wani malamin lakkwal wanda yaran unguwa ke kira Mushe. Ƙanensa magini ne a Sabha ta ƙasar Libiya, shekara huɗu ke nan rabonsa da gida. Bayan kakar 2023 sai ƙanen ya aiko da kuɗi, ya ce a sayi akwatin wifi irin wanda ake sa wa katin layi, domin mahaifiyarsu ta riƙa ganin sa duk daren Jumma'a. Aka sayo akwatin daga Maraɗi, aka haɗa shi da batirin farantin hasken rana da gidan ke amfani da shi. Watannin sanyi suka wuce lami lafiya. Da bazara ta kawo jiki, sai akwatin ya tsiro da wani hali: ana cikin magana fuska ta daskare, murya ta kakkarye, sa'an nan komi ya ɗauke.

Ga wanda ke birni wannan ƙaramin abu ne, ya kashe ya kunna ya ci gaba da harkarsa. Ga tsohuwar kuwa ba haka ba ne. Sau uku a jere maganar tana yankewa daidai lokacin da ɗan ya ce yana da abin da zai gaya mata. Ita ba ta san rezo ba, mutum ta sani. A ganinta wanda ya kashe maka waya ana tsakar zance, ko dai ya gaji da kai, ko yana ɓoye maka wani abu. Ta soma rage cin abinci, ta soma tambayar matafiya ko an ji labarin faɗa a Sabha. Wata safiya ta ce wa babban ɗan nata, wanda ba ta faɗar sunansa saboda kunyar ɗan fari: «Malam, in yaron nan wani abu ya same shi, ku faɗa mini. Na fi son ji daga bakinku.» Ya ce: «Inna, lafiyarsa lau. Ƙarfen ne ba shi da lafiya, kuma in Allah ya yarda za a gano ciwonsa.»

Abin da malamin ya yi shi ne abin da ya iya. Ya ɗauko littafi irin na kiran sunan ɗalibai, ya ja layuka, ya riƙa rubuta kowace yankewa: ƙarfe nawa ne, a wane ɗaki wayar take, kuma waɗanne fitilu ne ke kunne a goshin akwatin. Dalilinsa kuwa mai sauƙi ne. Akwatin wifi igiya biyu gare shi. Ta farko gajera ce, tana tsakanin wayar hannu da akwatin, cikin gida. Ta biyu doguwa ce, tana tsakanin akwatin da dogon ƙarfen kamfanin waya da ake kira antan. In alamar wifi ta ɓace daga fuskar waya, gajerar igiyar ce ta tsinke, laifin yana cikin gida. In alamar tana nan cike amma babu abin da ke wucewa, to sai a dubi doguwar. Mafi yawan masu zagin kamfani ba su taɓa rarrabe waɗannan biyun ba, shi ya sa suke shan magani ba su san ciwon ba.

Bayan mako biyu littafin ya nuna cewa cutar ba guda ba ce, uku ce ta taru a gida ɗaya.

Ta farko a ɗakin tsohuwar take. Saboda darajar akwatin, matar gida ta ajiye shi a ƙuryar ɗakinta, bisa adakar ƙarfe, bayan jeren kwanuka. Tsakaninsa da ɗakin Inna akwai katangar ƙasa biyu masu kauri. Sanin masana ne cewa wifi rediyo ne mai ƙaramin ƙarfi, ƙarfe yana maida shi baya, katanga mai kauri tana shanye shi, balle in ta jiƙa da damina. Bugu da ƙari, irin wannan akwatin yana magana bisa zango biyu, ɗaya mai lamba 2,4 ɗaya mai lamba 5. Na 5 ya fi sauri amma ba ya nisa, na 2,4 ya fi haƙurin ratsa bango. Wayar tsohuwar tana ta tsalle tsakanin biyun, ta saki wannan ba ta kama wancan ba. Malamin ya fitar da akwatin daga bayan kwanuka, ya rataye shi sama kusa da taga ta wajen da antan yake, ya raba wa zangunan biyu suna, ya ɗaure wayar Inna ga na 2,4 kaɗai. Sandunan rezo da ke goshin akwatin suka tashi daga biyu zuwa huɗu.

Ta biyu ta tsakar rana ce. Daga azahar zuwa la'asar fitilun akwatin sukan mutu gaba ɗaya, su sake kamawa da kansu. Galibin irin waɗannan na'urori an ƙera su ne don su yi aiki a zafin da bai wuce awo 40 ba, alhali kuwa a watan Afrilu ƙasar Maraɗi takan zarce haka a inuwa, ballantana ƙarƙashin rufin kwano. Daɗin daɗawa, an ɗinka wa akwatin riga ta atamfa don tsare shi daga ƙura, rigar kuwa ta toshe ƴan ramukan da yake shan iska da su. In zafi ya yi masa yawa sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Aka tuɓe masa rigar, aka sauko da shi kamu biyu daga kwano, aka riƙa kakkaɓe masa ƙura da busasshen tsumma. Ciwon rana ya tafi.

Ta uku takan zo bayan magariba, wato daidai lokacin kiran Sabha. Batirin gidan mai bolt 12 ne, kuma shi ke ɗauke da fitilu, da fanka, da talabijin, da cajin wayoyin gida har da na maƙwabta. Da rana ta faɗi ba abin da ke shiga cikinsa, sai fita. In aka kunna talabijin da fanka tare, ƙarfin wutar ya yi ƙasa na ɗan lokaci. Fitila ba ta damuwa da wannan, ta ɗan dushe ta dawo. Akwatin wifi kuwa yakan faɗi, ya ɗauki minti biyu ko uku yana neman antan daga farko. Da malamin ya hau bisa ɗaki sai ya tarar ƙurar hunturu ta lulluɓe farantin, har ana iya rubuta suna a kansa da yatsa, ke nan batirin bai taɓa ƙoshi ba tun watan Janairu. Ya sa ɗansa wanke farantin duk safiyar Litinin da Alhamis, ya kuma sayo ƙaramin batir ya ware wa akwatin shi kaɗai.

Ana cikin wannan jinya aka yi wata yankewa wadda ba ta gidan ba ce. Ranar 14 ga watan Maris na 2024, cikin kwanakin farko na azumi, fitilun akwatin duk suna kunne, sandunan rezo a cike, amma hoto ba ya buɗewa sai da ƙyar. Littafin ya riga ya koya wa malamin kada ya taɓa komi. Washegari rediyo ya ba da labari cewa manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Kodibuwa, abin ya shafi ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Nijar ba ta da bakin teku, saboda haka zancenta da sauran duniya sai ya bi ta ƙasar wasu kafin ya kai ruwa. Haka ma wutar lantarki. Layin da ke ba Maraɗi da Damagaram kuran daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma mutanen jahar ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin da ba a ɗage ba sai a watan Fabrairu na 2024. Mai gida yana da iko da tagarsa da batirinsa. Abin da ya wuce ƙofar zaure kuwa, sai dai ya gane shi ya yi haƙuri.

Duk da gyaran nan uku, daren Jumma'a bai daina ciwo ba. Akwatin ba ya mutuwa, alamar ba ta ɓacewa, amma hoton yana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi. Sai malamin ya buɗe shafin da ke nuna wayoyin da ke manne da akwatin, ya ƙirga guda 23. Mutanen gidan masu waya biyar ne. Sauran na samarin da ke taruwa bisa dakalin ƙofar gida ne bayan sallar isha'i, suna shan shayi suna kallon kokowa da ƙwallo da finafinan Kano. Lambar sirrin da aka ba mutum ɗaya don ya aika takardar neman aiki ta zaga unguwa kamar gishirin aro. Rijiya ɗaya ce, guga 23. Kallon hoto mai motsi shi ya fi komi shan ruwan, kuma shi ke cinye kuɗin wata tun kafin wata ya raba.

A nan ne ilimin littafi ya tsaya. Maganin a fili yake, minti ɗaya ya isa a sauya lambar. To amma cikin samarin akwai tsoffin ɗalibansa, akwai ɗan limamin unguwa, akwai marayan da ke karanta darussan jami'a a waya domin ba shi da kuɗin zama Maraɗi. Akwai kuma ɗan gidan da ya ba su aron shanun noma bara. Malamin ya kai maganar gaban mahaifiyarsa, yana zaton ita za ta fi kowa son a rufe. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce: «Malam, tun ina yarinya ba a hana maƙwabci ɗibar wuta a murhu. In ka rufe musu, gobe da wane ido za ka shiga zaurensu? Amma mai ɗibar wuta ba ya tafiya da murhun.»

Daren nan ya fita da kansa ya zauna bisa dakalin, aka miƙa masa kofin farko. Bai yi faɗa ba. Ya nuna musu littafin, ya gaya musu yadda tsohuwa ta rame. Babban cikinsu ya sunkuyar da kai ya ce: «Mushe, wallahi ba mu san muna shiga tsakanin Inna da ɗanta ba.» Aka yi shawara uku. Za a buɗe wa dakali ƙofa tata dabam a akwatin, mai tata lambar, wadda za a iya rufewa ba tare da an taɓa ta cikin gida ba. Duk daren Jumma'a daga magariba har Inna ta gama, ƙofar dakali a rufe take. Kuma kowane saurayi zai kawo dala ashirin a mako a zuba cikin kuɗin wata, ban da marayan, wanda suka ce su za su ɗauke masa.

Jumma'ar da ta biyo baya aka yi minti arba'in magana ba ta yanke ba. Ashe abin da maginin ke ta son faɗa tun watan azumi shi ne, ya tara abin da zai ishe shi, yana son ya dawo kafin shuka, kuma yana roƙon Inna ta nema masa izinin kawunsa a je tambayar auren wata yarinya a Tibiri. Wata biyu tsohuwa ta yi tana zargin mutuwa da ciwo, alhali goron biki ne ke maƙale a hanya.

Wannan ba ya nufin an gama da matsalar. Ranar kasuwa, in jama'a ta cika gari, antan ɗin kansa yakan gaji, kuma wannan ba aikin mai gida ba ne. Aikin kamfanoni ne su ƙara ƙarfi a karkara gwargwadon kuɗin da suke karɓa daga talakawanta, aikin hukumar ARCEP ne ta tabbatar sun yi. Tun watan Maris na 2025 Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan Adam, ya soma aiki a Nijar, sai dai kuɗin kayansa ba na aljihun malamin lakkwal ba ne. Kafin a kai can, shawarar da za a ba duk mai irin wannan akwati ita ce ya fara da littafi da alƙalami, ya san wace igiya ce ke tsinkewa, ya dubi bango da zafi da batir, sa'an nan ya ƙirga baƙinsa. In ya zo ga baƙin kuma, ya tuna cewa da su zai yi gayya a gona.

Littafin malamin yana nan rataye da ƙusa kusa da taga, kuma yanzu maƙwabta biyu sun are shi don su ja irin layukansa. Allah ya maido da ƴan biɗa gidajensu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.