Wata Biyar Sikelin Goggo Bai Motsa Ba

Wannan makon ni layi ya zo wa. Da farko gajeren labari na so in kawo, sai na tuna da wani abu da ya daɗe yana ci mini rai ban taɓa rubuta shi ba. Na nemi izinin mai abin, ta ce in rubuta amma kada in kama suna. Don haka Goggo zan kira ta, kamar yadda nake kiran ta a gida.

Ni 'yar Dawakin Kudu ce. Goggo ƙanwar mahaifina ce, aure ya kai ta Kura tun kafin a haife ni. Sana'arta shinkafa: ta sayi shanshera, a turara, a shanya, a kai inji, ta sayar. Da mijinta ya rasu ya bar mata gona biyu a cikin filayen noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Duk wanda ya san Kura da Bunkure da Garun Malam ya san darajar irin wannan gona. Ana noma ta damina da rani, shinkafa ta fita, alkama ko tumatir ya shiga. Ba a sayar da ita sai dole ta yi dole.

Tun tasowata na san Goggo da jiki. A wurin biki ita ake nunawa a ce ga wadda hutu ya karɓa. Babu wanda ya ɗauki abin a matsayin ciwo sai da ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyi suka ƙi ɗaukar ta. Sallah ta koma yi a kan kujera. Daga ɗakinta zuwa inda ake shanya, sai ta huta sau biyu. Ranar da ta hau sikelin da ake auna buhu a shagonta, ya nuna kilo 128.

A ƙarshen 2019 ta sayar da gona ɗaya ta tafi Alƙahira aka yi mata tiyata. Ni kuma a lokacin na gama difloma a fannin akanta a Kano State Polytechnic, ina zaune a gida, sai Baba ya ce in koma Kura in riƙa kula da ita da kuma lissafin shagon.

Bari in ɗan bayyana aikin da aka yi mata, don ni ma da farko na zata yanke mata hanji aka yi. Wani zobe ne na roba mai laushi ake ɗaura wa saman tumbi, sai ya raba shi biyu: 'yar ƙaramar jaka a sama, sauran tumbin a ƙasa, da ƙaramar ƙofa a tsakani. Abinci kaɗan ya isa mutum ya ji ya ƙoshi. Zoben yana da siririn bututu da ya haɗu da wani ɗan maɓalli da aka binne a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita yake sa allura ya ƙara ruwan gishiri don zoben ya ƙara matsewa, ko ya rage ruwan ya sassauta. A Amurka tun 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da shi, kodayake yanzu likitoci da yawa sun fi karkata ga wasu nau'o'in tiyatar. Babban sharaɗinsa shi ne komawa wurin likita a kai a kai. Goggo sau ɗaya ta koma, a Fabrairun 2020, aka ƙara matse zoben. Wata ɗaya bayan nan korona ta sa aka rufe filayen jiragen sama, a Afrilu aka kulle Kano. Ko da aka buɗe hanya, kuɗin gonar ya riga ya ƙare.

Watannin farko sun yi mana daɗi. Na sayi littafi na ja layi biyu, kwanan wata da nauyi. Duk Juma'a da safe kafin yara su zo shago, Goggo ta cire mayafi da takalmi ta hau sikelin buhu, ni kuma in rubuta. 124, 119, 113. Zuwa watan Yuli ta sauko 103. Ta yi dariya ta ce, “'Yar nan, ashe rabin buhun shinkafa nake yawo da shi a jikina ban sani ba.”

A lokacin mutane wata magana suke yi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce wani ciwo take ɓoyewa. Wata maƙwabciya ta zo har ɗaki ta riƙe hannunta tana hawaye tana cewa Allah Ya ba ta lafiya. Goggo ba ta damu ba, domin sikeli yana bayanta.

Daga nan sai ya tsaya. Juma'ar farko ta Agusta, 103. Ta biyu, 103. Wata ta zo ta wuce, 104, sai kuma 103. Na ce sikelin ne ya lalace, na ɗora buhu mai kilo 50 ya nuna 50 cif. Haka muka yi ta yi har Disamba. Shafi guda na littafina lamba ɗaya ce daga sama har ƙasa.

Maganar mutane ta juya. Waɗanda suka ce rama za ta kashe ta su ne suka koma cewa an karɓe mata kuɗin gona a banza. A wani taron suna na ji da kunnena wata tana cewa, “Ga gonar can wani yana ɗibar tumatir, ita kuma ga ta nan yadda take.” Ban faɗa wa Goggo ba, amma ta ji. Ta daina zuwa biki. Daren Alhamis ba ta barci. Wata Juma'a ta sauko daga sikeli ta zauna a kan buhu ta ce da ni, “Gadon marayu na sayar. Me zan ce da su?”

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda cin abincinta ya sauya. Nama ya daina wuce mata, in ta ci sai ya tsaya a ƙirji ta dawo da shi. Haka gurasa, haka shinkafar da take sayarwa. Da daddare ƙwarnafi ya hana ta kwanciya. Ganin tana wahala, ni da hannuna na koma dama mata abin da zai wuce ba gardama. Da safe shayi mai kauri da madarar gwangwani. Da hantsi kunun gyaɗa. Da rana fura da nono da sukari. Baƙi in sun zo gaisuwa su riƙo lemon kwalba, su ce ai ba abinci ba ne, ruwa ne. Ni kaina haka na ɗauka. In an tambaye ni sai in ce wallahi Goggo ba ta cin komai.

A Janairun 2021 wani ɗan uwanmu ma'aikacin jinya ya haɗa mu da wani likitan tiyata a cikin birnin Kano da ya san irin wannan zobe. Tun a mota Goggo ta shirya abin da za ta ce. Muna zama ta ce, “Likita, a ƙara ɗaure shi. Ya saki.”

Na miƙa masa littafina ina jin kaina. Ya duba, ya ce aikin ya yi kyau, sannan ya tambaye ni ina shafin abin da take ci. Na ce babu. Ya ce, “Ke da kika karanta akanta, a ina aka koya miki rubuta abin da ya rage a asusu ba tare da rubuta abin da ya shiga ba?” Ya ce mu koma gida mu yi mako guda muna rubuta duk abin da ya wuce maƙogwaronta, har da abin sha.

Kunya ta kama ni tun kafin makon ya ƙare. Na ƙirga cokalin sukarin da nake zubawa a shayi da kunu da fura, na haɗa da lemon baƙi, wanda kwalba ɗaya kan ɗauki kusan cokalin shayi 9. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Goggo mai ciwon suga tana ninka wannan, kuma mafi yawansa ni nake miƙa mata.

Da muka koma, likitan ya yi mana bayani da abin da muka sani. Ya ce, “Hajiya, kin san ƙofar da ake tare ruwa da ita a kanal. Kara da ciyawa take tarewa, ruwa kuwa ko ta ƙaramar kafa sai ya wuce. Zoben nan tuwo da nama yake tarewa, ba ya tare fura.” Ya ce ba sakewa zoben ya yi ba, matsewa ya yi fiye da kima, shi ya sa abinci mai riƙe ciki ya gagare ta, ta koma ga mai zaƙi mai ruwa wanda ba ya daɗewa a ciki. Ya kuma gargaɗe mu cewa yawan amai yana iya sa zoben ya goce daga wurinsa, wannan kuwa sai an sake tiyata. Maimakon ya ƙara ruwa, sai ya sa allura ya rage. Goggo ta fito tana faɗa, wai ta zo a ɗaure an kwance.

Ya ƙara mana da abu na biyu, wanda shi ya fi kwantar mini da hankali. Ya ce ko da babu kuskure ko ɗaya, dole wata rana sikeli ya tsaya. Jikin da ya ragu da kilo 25 ba ya ƙona abinci kamar da, yadda motar da aka sauke wa kaya ba ta shan mai kamar mai lodi. Bayan haka jiki ba ya son a rage shi: yana rage ƙona abinci, yana ƙara yunwa. In kuma mutum ba ya samun nama da wake da ƙwai, ba ya motsa jiki, tsoka ma tana zubewa tare da kitse, ita kuwa tsoka tana daga cikin masu ƙona abincin. Tsayawar sikeli, in ji shi, alama ce cewa abin da ke shiga da abin da ke fita sun yi daidai. Ba hukunci ba ne a kan mutum.

Muka sauya tsari. Ƙwai dafaffe, wake, kifi, zogale, nama da aka dafa ya yi laushi. Loma ƙarama, a tauna sosai, a ajiye cokali tsakanin loma da loma. Ba a shan ruwa tare da abinci sai an ɗan jima. Nono ba sukari. Lemon baƙi kuwa na koyi karɓa da godiya in miƙa wa yaran shago. Wannan ya fi komai wuya, domin a wurinmu ƙin shan abin baƙo kamar ƙin baƙon ne. Akwai 'yar uwar da ta yi wata biyu tana fushi da ni. Ita ma Goggo akwai ranar da na kama ta da ƙwaryar fura a bayan ƙofa, muka kalli juna, ta ce, “To, 'yar sanda, rubuta.” Na rubuta.

Hawa sikeli ya koma sau ɗaya a wata. Na ƙara layuka a littafin: awon suga na safe, awon jini, faɗin ƙugu da tef ɗin tela, da nisan da ta taka. Da yamma mukan fita bakin kanal. Ranar farko iyakarta gadar farko, ta zauna tana haki. A nan na gane cewa a watanni biyar ɗin da na ce babu abin da ya motsa, ban taɓa auna komai ba sai nauyi. Tun a cikinsu ta daina hutawa kafin ta isa wurin shanya, amma babu layin da zan rubuta wannan, don haka ban gani ba.

Sikelin ya sake motsawa, amma ba irin na da ba. Kilo ɗaya a wata, wani watan babu. Ya sauka 96, kuma a nan yake kai da kawo har yau. Ba zan ce muku Goggo ta zama siririya ba, ba ta zama ba. Ciwon suga bai tafi ba, sai dai likitanta ya rage mata magani. Gonar ma ba ta dawo ba. Har yanzu akwai masu ganin asara ta yi, kuma ba ni da bakin da zan ce kowa ya bi hanyarta. Wanda duk yake tunanin irin wannan aiki, kafin ya tambayi kuɗin tiyata ya fara tambayar wa zai riƙa duba shi bayan ya dawo gida. Mu ba mu yi wannan tambayar ba, kuma mun ji a jikinmu.

Wata yamma a cikin rani tafiya ta kai mu har gonar da ta sayar. Ban shirya ba, ita ta ja mu. Alkama ta yi kore shar, wani yaro yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ni kuma ina tsoron abin da za ta ce. Sai ta ce, “Shekara nawa gonar nan tana hannuna ban taɓa zuwa da ƙafata ba. Sai da ta bar hannuna.” Muka juyo. Da aka kira magariba na ɗauko mata kujerar sallah kamar kullum, ta ce in mayar.

In akwai mai jinyar wani a cikinku, ko shi kansa yake fama, ya duba abin da yake aunawa da abin da ya manta bai auna ba. Ya kuma duba abin da yake miƙawa da sunan tausayi. Littafin nan yana nan a wurina. Shafin da ke cike da 103 ban yage shi ba.

Ina sauraron gyaranku.