Farin Ruwan da Ya Ci Hannun Kawu

Tun da na zo Legas karatu, a wajen kawuna nake hutun ƙarshen zango. Shekara ashirin ke nan yana aiki a wata ma'aikata kusa da kasuwar Ladipo, inda suke sassaƙa ƙarafan mota, kamar faifan birki da sandunan inji. Ranar da na fara raka shi, abin da ya ɗauki hankalina shi ne wani ruwa fari kamar nono da ke kwarara a kan ƙarfen da injin yake ci.

Na ce, "Kawu, wannan ruwan fa?"

Ya ce, "Yaro, in ba shi, wuƙar injin ba ta kai azahar."

Gaskiyarsa. Idan ƙarfe ya ci ƙarfe, zafin bakin wuƙar yana kai ɗaruruwan digiri. Ruwan nan shi ke sanyaya wurin, ya sa santsi, ya kuma wanke ɓarɓashin ƙarfe. Abin ba sabo ba ne: tun a ƙarni na 19 wani injiniyan Amurka, Frederick Taylor, ya nuna cewa kwarara ruwa a bakin wuƙa yana ba da damar ƙara gudun yanka ƙwarai. Wanda ake amfani da shi a wajen su Kawu yawancinsa ruwa ne, an gauraya da ɗan mai na dangin fetur da wasu sinadarai.

Matsalar ita ce hannun Kawu. Fatar ta tsage, tana ƙaiƙayi, wani lokaci har jini. Likita ya ce ruwan ne. Ranar Litinin kuwa, bayan ya kwana biyu a tanki, ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a cikinsa, wari ke tarar mutum tun daga ƙofa. In ya lalace sai a juye shi a kwata, daga nan ya bi ruwan sama ya nufi lagun. Wasu daga cikin sinadaran da aka daɗe ana zubawa a irin wannan mai suna da haɗari sosai, har aka sanya wani rukuninsu mai ɗauke da kulorin cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta hana a shekarar 2017.

Da na koma makaranta sai na tambayi wani abokina ɗan sashen injiniya ko akwai mafita. Ya ce hanya biyu ake bi. Ta farko, man tsirrai, irin su man gyaɗa, manja, man kwakwar manja da man waken soya. Suna da santsi sosai, ba sa saurin kama wuta, kuma ƙasa tana narkar da su. Ta biyu, rage yawan man gaba ɗaya: maimakon a yi ta kwarara ruwa, sai iska ta fesa ɗan ɗigon mai daidai bakin wuƙa, abin da bai kai rabin kofin shayi ba a awa guda. Kamfanin Ford yana cikin masu ƙera motoci da suka rungumi wannan hanya.

Na kawo wa Kawu labari cikin murna, sai ya yi dariya. Ya ce, "Man gyaɗar da bai ishi tukunyar miya ba, shi za mu ba inji?" Nan ma ya yi gaskiya. Ban da tsada, man tsirrai yana ɓaci in ya daɗe cikin zafi, ya yi danƙo. Shi ya sa masu bincike suka karkata ga man da ba a ci, kamar na dogon yaro da zurma da bini-da-zugu, waɗanda muke da su birjik a Arewa.

Abin da ya fi damuna shi ne durom ɗin da man yake zuwa a ciki. An rubuta gargaɗi a jikinsa, amma da Turanci, Kawu kuwa Hausa da ajami yake karantawa. Shekara ashirin bai san an ce a sa safar hannu ba, bai san an ce kada a zubar a kwata ba. Na zauna na fassara masa, na sha wuya wajen neman kalmomi, na rubuta a kwali muka manna a bango.

'Yan'uwana ɗalibai, sauya man inji aikin injiniyoyi ne, amma isar da gargaɗin nan ga masu aiki da harshen da suke ji, wannan namu ne. Kawu dai ya fara sa safar hannu, fatar ta soma warkewa. Farin ruwan kuwa har yanzu kwata ake juye shi.