Su a Kan Ƙanƙara Saboda Masu Wankin Ƙoda

A inda muka tashi, ƙanƙara abin saye ce. Da azumi ake layinta, a naɗe ta a buhu a ruga gida kafin ta narke. A jihar Minesota ta Amurka kuwa, inda neman ilimi da neman abinci suka kawo mu, a kanta ake tafiya, har a hau da mota. Jihar tana da tafkuna sama da 11,000, kuma daga Disamba zuwa Maris yawancinsu daskarewa suke yi. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana gargaɗin kada kowa ya taka sabuwar ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4. Mota kuwa sai ya ninka haka fiye da sau biyu.

Mutanen nan ba sa barin sanyi ya kulle su a ɗaka. Sukan huda ƙanƙarar da inji, su zura fatsa ta ramin da faɗinsa bai wuce faranti ba, su kifa bokiti su zauna jiran kifi. Daga nan aka samo gasar su ta taimako. Wadda ta fi suna ita ce ta tafkin Gull kusa da garin Brainerd, da aka fara a 1991, inda dubban mutane ke taruwa na awa uku, a raba ribar ga ƙungiyoyin agaji. Ƙananan garuruwa ma suna da nasu. Wadda muke zuwa, kuɗinta na masu ciwon ƙoda ne.

Ba son kifi ya kai mu ba. Maƙwabcinmu ne, dattijo Bature tsohon direba, wanda duk sanda dusar ƙanƙara ta rufe mana ƙofa shi ke fitowa da injinsa ya share. Wata shekara sai muka daina ganinsa. Ashe ƙodojinsa ne suka gaza. Yanzu sau uku a mako yake zuwa wankin ƙoda, kowane zama wajen awa huɗu, ya dawo a galabaice. Ruwan da zai sha ma aunawa ake yi. Matarsa ce ta kawo mana tikitin gasar, muka ga ba mu da bakin cewa a'a.

Mun yi mamaki da farko, don mun san tun 1972 aka yi doka a Amurka da ta sa shirin Medicare ya ɗauki nauyin masu wankin ƙoda, ko da ba tsofaffi ba ne. Sai ta fahimtar da mu cewa kashi 80 cikin ɗari shirin ke biya, saura a wuyan mara lafiya yake idan ba shi da wata inshorar. Ga man mota zuwa cibiyar da ke nesa, ga kuɗin ɗumama gida, ga aikin da ya kuɓuce. Waɗannan ƙananan ramukan kuɗin gasar ke cikewa, kafin a dace da dashe, a ƙasar da mutum kusan 90,000 ke layin jiran ƙoda.

Mun tattauna a tsakaninmu ko biyan kuɗin shiga da fatan cin kyauta bai yi kama da caca ba. Muka tsaya a kan mu biya da niyyar sadaka, in an ci wani abu a mayar wa asusun. Har yau dai kifin bai ba mu damar gwada wannan alkawari ba. Wanda ya san Argungu, inda masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora ana kiɗa ana kirari, zai ga wannan su kamar zaman makoki. Kowa shiru, ya zuba wa raminsa ido, gashin baki ya yi fari da sanyi. Amma idan yaro ya ciro ɗan kifi kamar tafin hannu, sai ka ji ihu daga ko'ina, a ruga da shi wurin awo.

Abin da ke tsaya mana a rai idan mun dawo gida shi ne namu mutanen. Duk mai bin labaran Arewa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da kewayenta a jihar Yobe. Kuma babu watan da zai wuce ba a turo mana hoton wani a WhatsApp ba, kwance a gadon asibiti, da lambar asusun banki a ƙasa. Muna bayarwa, don Bahaushe ba ya rowa a kan ciwo. Sai dai taimakonmu yakan zo ne bayan an sayar da gona da akuya, kuma wanda ba shi da ɗan uwa mai waya da mabiya, babu mai jin kukansa. Waɗannan mutane kuwa sun sa rana guda a shekara, suna tara kuɗi kafin su san sunan wanda zai buƙata.

Ba taro muka rasa ba. Muna da dambe da kokawa, da ƙwallon unguwa da hawan sallah. Da za a ware wani kaso na kuɗin ƙofa, a damƙa wa amintattu masu bayyana lissafi a fili, da an rage wa iyalai da yawa nauyi. Da kuma za a kafa rumfa a gefe ana auna hawan jini da suga, waɗanda su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, a duba fitsari, da wasu sun gane halin da suke ciki tun ciwon bai nuna kansa ba. Gwajin nan bai kai kuɗin wanki ɗaya ba.

Bana mun yanke shawarar duk abin da muka biya a gasar, za mu aika kwatankwacinsa gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu da nasu lafiya.