Kwana cikin kurmin Giyana

Can ƙetaren teku, a Amurka ta Kudu, akwai wata ƙasa da ake kira Giyana ta Faransa. Babban birninta shi ne Kayen. Kurmi ya rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar. Ruwan da ake yi a Kayen cikin shekara guda ya kai wajen milimetir 3.000, wato kusan ninki biyar na wanda ake samu a Yamai.

Cikin wannan kurmi ba a shimfiɗa tabarma ƙasa a kwanta. Ƙasa kullum jiƙe take, ga tururuwa, ga kunama, ga maciji. Saboda haka mutane sukan ɗaura wani ƙyalle mai tsawo tsakanin itatuwa biyu, su kwana cikinsa. Yana kama da ragayar da iyayenmu mata suke rataya ƙwaryar nono a ciki, don kada kyanwa ta kai gare ta. Mu kira shi ragayar kwana. Da Faransanci sunanta «hamac». Turawa sun fara ganin ta a shekarar 1492, lokacin da Kiristof Kolom ya isa tsibiran wannan yanki. Daga baya ma'aikatan jiragen ruwa suka riƙa kwana cikinta bisa teku.

Akwai wani yaro ɗan shekara 11 da ya tashi a Kayen. Bisa gado da katifa ya saba kwana. Kakansa na wajen uwa yana zaune can cikin kurmi, gaba da garin Maripasula, a bakin kogi. Da aka ba da hutun lekol, sai kakan ya aiko cewa a turo masa jikansa su tafi kamun kifi, kwana uku cikin daji. Yaron ya yi murna, amma gabansa yana faɗuwa. Yana tsoron duhu, ya kuma fi tsoron ƴan uwansa na ƙauye su yi masa dariya, su ce ɗan birni ya kasa.

Babu hanyar mota daga Kayen zuwa Maripasula. Jirgin sama ya shiga, daga nan aka ɗauke shi a kwalekwale. Da ya isa, kakarsa ta nuna masa ragayar auduga wadda ta saƙa da hannunta. Tana da laushi da faɗi, nan take ya ce ita zai tafi da ita.

Kakansa ya ce: «Ɗaga ta ka ji nauyinta.»

Yaron ya ɗaga, ya ji da nauyi.

Tsohon ya ce: «To, yanzu ma a bushe take. In ruwa ya taɓa ta, sai ta ƙara nauyi, kuma cikin kurmi ba ranar da za ta busar da ita. Wannan ta gida ce, ƙarƙashin rumfa. Ta daji ga ta nan.»

Ya miƙa masa ta nailan. Ba ta kai kilo guda ba, in an naɗe ta ba ta wuce girman gwanda. Ya sa yaron ya shimfiɗa ta ƙasa ya kwanta a kai, don a tabbata ta fi shi tsawo sosai, ta kai da ta ƙafa. Suka bi ɗinkin bakinta da yatsa, suka ja igiyoyin biyu da ƙarfi, ba inda ya sake. Sa'an nan suka haɗa sange da tampol da bargo mara nauyi.

Kashegari suka yi ta tafiya a kwalekwale har la'asar. Tun da sauran rana tsohon ya tsaya, domin cikin kurmi duhu yakan rufe da wuri. Ba su sauka dab da ruwa ba. Suka hau tudu, don kogi yana iya cika cikin dare ɗaya in an yi ruwa can sama.

Yaron ya hangi itatuwa biyu manya, ƙarƙashinsu fes. Ya ruga ya fara ɗaura igiya.

Kakan ya ce: «Abokina, ka duba ƙasa na gani. Ka duba sama?»

Yaron ya ɗaga kai. Can bisa, ga wani busasshen reshe mai kaurin turmi, ya karye ya sagale jikin wani.

Ya ce: «Kaka, ai ya daɗe a nan bai faɗo ba.»

Tsohon ya ce: «Ranar faɗowarsa ba zai aiko maka da manzo ba. Kwance igiyarka.»

Yaron ya ɓata rai, amma ya kwance. Suka matsa gaba. Tsohon ya zaɓi itatuwa biyu ɗanyu, kowane ya fi cinyar babban mutum kauri. Ya bubbuga su da adda ya ji ba rami a ciki, ya duba ba layin tururuwa a jikinsu. Tsakaninsu taki shida na tsohon, wajen metir 4 ke nan.

Da farko suka ɗaura igiya guda sama da kai, suka ɗora tampol a kanta, suka ja kusurwoyinsa huɗu ya yi kamar jinkar ɗaki. In ruwa ya sauko yanzu, kayansu suna da mafaka. Bayan haka suka ɗaura ragayar. Yaron ya ja ta ta miƙe kamar tsirkiyar baka. Kakan ya sassauta ta har tsakiyarta ta lanƙwasa kamar ayaba. Ya ce in ta miƙe da yawa, takan matse kafaɗu, igiya kuma ta wahala har ta tsinke. Da yaron ya zauna a ciki, ƙafafunsa suna taɓa ƙasa kamar yana bisa kujera. Tsayin ke nan da ake so, wajen santimetir 50, don ko mutum ya faɗo ba zai ji ciwo ba.

Ya kwanta miƙe daga wannan icce zuwa wancan, sai bayansa ya lanƙwashe. Tsohon ya tura ƙafafunsa dama, kansa hagu. Da ya kwanta a karkace, sai ga ƙyallen ya buɗe, bayansa ya miƙe kamar bisa gado. Suka rataya sange ya kewaye ragayar har ƙarƙashi, domin sauro yana iya cizon mutum ta cikin siririn ƙyalle, sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓin cizon sauro.

Saura abu guda. Tsohon ya ba shi guntayen zare biyu, ya ce ya ƙulla ɗaya a kowace igiya, ƙarƙashin tampol, ya bar bakinsa yana lilo. Yaron ya ƙulla na wajen kai. Daidai nan ƙanshin gasasshen kifi ya buge shi, sai ya cusa ɗayan cikin aljihu ya nufi wuta.

Da suka ci, suka kafa sanduna suka kife takalmansu a kai, suka rataya jakunkuna. Dare ya yi. Kwaɗi suka cika daji da kuka. Yaron ya ja bargo, domin iska tana bi ta ƙarƙashin ragaya, bayan mutum yakan yi sanyi ko a ƙasa mai zafi.

Tsakar dare ruwa ya goce da iska. Tampol bai yi yoyo ba, amma yaron ya farka ya ji ƙafafunsa cikin ruwa. Ruwan ya gangaro jikin icce, ya bi igiya, ya shiga ragayar. Ta wajen kai kuwa, da ya iso wurin zaren sai ya bi shi yana ɗiga ƙasa. Yaron ya lalubi aljihunsa ya ji zaren. Kunya ta hana shi ta da kakansa. Ya kunna tocila, ya miƙa hannu ya ƙulla shi, ya naɗe ƙafafu ya yi shiru.

Can sai aka ji wata ƙara, rim! har ƙasa ta girgiza. Muryar tsohon ta fito daga duhu: «Kana lafiya, jikana?»

Ya ce: «Lafiya lau, Kaka.» Amma jikinsa yana rawa.

Da gari ya waye suka je suka duba. Busasshen reshen nan ya faɗo tsakanin itatuwan da yaron ya fara zaɓa, ya nutse cikin laka. Yaron ya daɗe tsaye yana kallon sa. Kakan bai ce masa kome ba. Ya dai ga jiƙaƙƙen bargo, ya yi murmushi, ya shanya masa shi kusa da wuta. Ragayar kuwa ya rataya ta nesa, don tartsatsi guda yana huda nailan.

Da yamma suka sauka wani wuri. Tsohon ya zauna bisa kututture yana gyaran ƙugiya, ya bar yaron da aikin. Yaron ya fara ɗaga kai ya duba sama, ya bubbuga itatuwa, ya auna taki shida. Ya ƙulla zare biyu, ya koma ya ƙulla na ragayar kakansa. A daren nan ma an yi ruwa, amma bai farka ba sai da birai suka fara kuka da asuba.

Kalmomi

Kurmi: daji mai manyan itatuwa a cunkushe, inda rana ba ta cika kai ƙasa ba.
Sange: gidan sauro.
Tsirkiya: igiyar da ake ɗaura wa baka.

Tambayoyi

1. Don me ba a kwana ƙasa cikin kurmin Giyana?
2. Me ya sa kakan ya hana a tafi da ragayar auduga?
3. Waɗanne abubuwa ake dubawa kafin a zaɓi icce?
4. Mene ne amfanin guntun zaren da ake ƙullawa a igiya?
5. In kun je gona ko kiwo, ina kuke hutawa? Me kuke dubawa kafin ku zauna gindin icce?