Abba, Ka Canza Tayoyin Nan

Allah ya sanya alheri a motar da ka saya, ya tsare sharrin ƙarfe, ya sa a kashe lafiya.

Ka tambaye ni ko ka bar tayoyin da motar ta zo da su ko ka canza. Ka ce dillali ya rantse maka na kamfani ne, ba a taɓa kwance su ba, kuma zanensu na nan raɗau. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, ko abokanka masu shirin sayen mota su ma sa amfana. Amsata ita ce ka canza su, duka huɗun, kafin ka zuba iyalinka a ciki ka ɗauki hanyar Doguwa gidan surukanka.

Fara da rantsuwar dillalin. Motarka Corolla ce ƙirar 2013, wani ya gama hawanta a Amurka, ta hau jirgin ruwa, ta yi zaman jira a tashar Legas, sannan ta iso Kano. Idan da gaske tayoyin da ta fito da su daga kamfani ne a ƙafarta, to sa'anninta ne ke nan, sun haura shekara goma. Ka ga abin da ya ɗauka talla, shi ne babban dalilin cire su. Amma ma ba haka abin yake ba. Ranar da ka kawo ta gida, lokacin da jama'a suka taru ana leƙa kujeru ana yaba fenti, ni na tsuguna gindin kowace ƙafa, na goge ƙurar da hannun rigata, na karanta abin da aka rubuta.

A gefen kowace taya akwai inda aka sa DOT, sai haruffa da lambobi su biyo baya. Lambobi huɗu na ƙarshe, waɗanda galibi suke cikin wani ɗan zagaye, su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Haka ake rubutawa tun daga shekarar 2000. Wani lokaci a fuska ɗaya kawai ake bugawa, sai ka leƙa ta ciki. Tayoyinka na gaba 3117 ne a jikinsu, wato mako na 31 na shekarar 2017. Ta baya ta hagu 0819 ce. Ta baya ta dama kuwa kamfaninta ma daban, zanenta daban, kuma akwai hoton dutse mai kai uku da wani ɗan fure a tsakiya. Da na sa farce a cikin kwarin zanen na gaba, sai ga ƙananan tsage-tsage ko'ina, kamar faso a diddige lokacin hunturu. Ido daga tsaye ba ya ganinsu.

Roba tana tsufa ko ana tafiya da ita ko tana ajiye. Iska da rana da zafi suna shanye laushinta a hankali, ta bushe, ta yi tauri. A ƙarƙashin zanen akwai wayoyin ƙarfe da zare da aka manne da robar, kuma idan ta tsufa wannan mannewar ce ke saki. Ranar da ta ji zafi da gudu da nauyi gaba ɗaya, sai bayanta ya ɓare ko ta yi bindiga, alhali zanenta bai ko kai rabi ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana faɗa wa direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta. Kamfanoni irin su Michelin suna cewa a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara da zarar ta kai biyar, kuma kada ta wuce goma ko da kyanta ya kai ina. Akwai tazara tsakanin maganganun biyu, na sani. Ni dai da na ci abinci da sitiyari a kan kwaltar ƙasar nan, na fi karkata ga na gida, domin masu cewa goma ba su auna da ranar watan Afrilu ta Kano ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta da azahar.

Waccan mai hoton dutse tayar ƙanƙara ce. An yi ta ne domin ƙasashen da ruwa ke daskarewa a kan titi, robarta mai laushi ce don ta kama hanya cikin sanyi. A zafinmu laushin ya yi yawa, tana cinyewa da wuri, kuma ba ta tsayar da mota da kyau idan an taka birki. Motocin da ake kawowa daga Kanada da arewacin Amurka da Turai da yawa da irinta suke zuwa, mutane kuma suna son ta saboda zanenta manya ne, ana ganin kamar ta fi ƙarfi. Ka haɗa ta da wata iri daban a baya, kowace da yadda take kama ƙasa. Ranar ruwa, idan ka taka birki da ƙarfi, bayan motar zai nemi ya wuce gabanta.

Ka tuna kuma hanyar da za ka riƙa bi. Tun da aka gyara titin Kano zuwa Zariya ya zama sumul, kuma santsin nan ne ke yaudarar matasa. Ka wuce Kura, ka wuce Ciromawa, ƙafarka na nutsewa a totur ba ka sani ba, kafin ka kai Kwanar Ɗangora taya ta ɗau zafi iya zafi. Daga nan idan ka bar babban titi ka kama hanyar Tudun Wada, labari ya canza. Rami mai kaifin baki yana datse wayoyin cikin taya, ba za ka gani a ranar ba, sai bayan kwanaki ka ga ƙulu ya fito a gefe. Tayar da ta yi ƙulu ta gama aiki, babu facin da ke gyara ta. Sai dajin Falgore, wanda kai ma ka san ba wurin tsayawa a ɗaga mota da jak ba ne, musamman da yamma da mata da yara a ciki. Can wajen Doguwa da Riruwai kuma ruwan sama ya fi namu yawa, ga hawa da gangara da kwana. Aikin zanen taya shi ne ya kore ruwa daga ƙarƙashinta. Idan ka duba cikin kwarin za ka ga wasu 'yan tudu da aka yi da gangan, tsayinsu milimita 1.6. Duk ranar da zanen ya yi daidai da su, taya ta suɗe. Ni ba na jiran ta kai nan idan damina ta kama.

Da a ce motar sabuwa ce dal daga kamfani, da ce maka zan yi ka bar mata tayoyinta. Masu ƙera mota suna zaɓar tayar da ta dace da nauyinta da birkinta, kuma cire sabuwar taya don kawai wani ya ce wata ta fi ta asarar kuɗi ce. A zamaninmu haka ake yi. Fijo 504 za ta fito daga kamfanin Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, mutum ya hau ta da tayoyinta har su ƙare, sannan ya sayi Michelin ta Fatakwal ko Dunlop ta Ikeja. Amma ko a sabuwar, kalmar kamfani ba ta hana mutum duba abinsa. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu waɗanda motar Ford Explorer ke fitowa da su ne tun daga masana'anta. Bayansu ke ɓarewa ana cikin gudu, mota ta wuntsila, mutane sama da ɗari biyu suka rasa rayukansu a can. Abin lura a nan shi ne inda matsalar ta fi tsanani: wurare masu zafi. A Saudiyya tun 1999 aka fara canza wa mutane su, daga baya a Benezuwela da jihohin kudancin Amurka. Zafi da ƙarancin iska ne suka tona asirin tayar. Bayan wannan ne Amurka ta yi dokar da ta kai ga sa wa motoci na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan iska ta ragu. Taka ma tana da ita. Idan ka ga fitilar ta kama, kada ka bari wani ya ce maka a rufe ta da salatif.

Yanzu maganar saye, kuma nan ne na fi jin tsoro. Za a ce maka ka sayi 'yar Beljiyam, ta fi sabuwar China ƙwari kuma ta fi araha. Na ji wannan magana a tasha har kunnena ya gaji. Tayar da wani ya cire a ƙasarsa, akwai dalilin da ya sa ya cire, kuma ba zai biyo ta ya faɗa maka ba. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita a sace ba. Wasu ma ƙarfe mai zafi ake sawa a sake yanka musu zane, a shafe su da baƙin mai su yi sheƙi. Dokar kwastan ta haramta shigo da tsofaffin tayoyi, amma ga su nan jibge a bakin titi. Araha ba ta ado, a taya kuwa abin ya wuce maganar ado.

Sabuwar ma sai ka buɗe ido. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Legas a 2008, tun daga nan kusan duk tayar da ke ƙafar motocinmu daga waje take zuwa. Wasu 'yan kasuwa, don su rage kuɗin kwantena, suna cusa tayoyi da yawa cikin guda ɗaya, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irinsu. Wajen cusawa da zarowa ake lanƙwasa wayar bakin taya, ta lalace tun ba ta taɓa ƙasa ba. Saboda haka ka je wurin dila sananne mai ba da rasit. Ka sa a warware ledar a gabanka. Ka shafa bakinta zagaye, ka tabbata babu inda ya karye ko ya lotsa. Ka karanta shekararta da kanka, domin sabuwa tana iya tsufa a sito. Girman kuma kada ka bi na tsofaffin, tunda ba ka san wanda ya sa su ba. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda a manne mai nuna girman taya da yawan iskar da kamfani ya ce. A jikin tayar akwai inda aka nuna juriyarta ga zafi da harafin A ko B ko C. Nemi A, in babu ka ɗauki B, ka bar musu C.

Na san kuɗin motar ya tatse ka. Amma na ji kana maganar baƙin gilashi da rigar kujeru da sabon rediyo. Duk su jira. Idan duk da haka biyu kawai za ka iya a wannan watan, sayi biyu iri ɗaya ka sa su a baya. Bakanike zai ce a gaba, tunda can injin yake. Kada ka yarda. Idan gaba ta zame kana da sitiyari a hannunka, idan baya ta zame motar juyawa take yi, kuma ba kowane direba ke iya dawo da ita ba. Sannan ka haƙura da doguwar tafiya sai ka cika sauran biyun. A yi maka alaimen da balansin ranar da aka ɗaura su, in ba haka ba sabuwar za ta cinye gefe ɗaya cikin 'yan watanni.

Iska kuwa, ka sayi gejinka ka ajiye a mota. Ka dai san yadda ake yi a bakin hanya. Mai faci zai jona tiyo, ya bar injin na ta ƙugi, ya ƙwanƙwasa tayar da ƙarfe ya saurari ƙarar, ya ce ta yi. Wanda ke da geji ma sau da yawa ya faɗi ƙasa har ya daina faɗin gaskiya. Ba mugunta ba ce, sun saba da motocin haya masu lodin buhunan masara, sai su dura wa ƙaramar mota arba'in ko hamsin. Irin taka talatin da 'yan kai take sha. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba. Iska ta yi yawa, tsakiya ta cinye, mota ta riƙa tsalle, birki ya rage kamu. Iska ta yi kaɗan, gefen taya ya riƙa lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ya yage, kuma wannan ya fi kashe mutane. Ka auna da safe kafin mota ta motsa. Idan ka auna bayan tafiya ka ga ta hau, kada ka sace, zafi ne, za ta sauka da kanta. Ka duba safayarka ma. 'Yar siririyar nan ce da motocin Amurka ke zuwa da ita, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma aikinta ta kai ka wurin mai faci mafi kusa.

In Allah ya ƙaddara taya ta yi bindiga kana gudu, ƙafarka za ta nemi birki da kanta. Hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, miƙe motar, sassauta totur a hankali, sai gudun ya mutu sannan ka taɓa birki ka gangara gefe. Ka tuna ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, wanda ya rasu tare da matarsa da ɗansa ranar 6 ga Maris, 2016, a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Babbar jif ce, tayar baya ta fashe ana gudu, binciken hukumar kiyaye haɗurra ya nuna an danna birki da ƙarfi, mota ta ƙwace ta yi ta juyawa. Rai na hannun Allah, babu mai ja. Amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma yaran nan da ke kujerar baya ba su da wata dabara sai wadda ka yi musu.

Idan ka cire tsofaffin, masu shagon za su ce ka bar musu su rage maka wani abu. Kada ka bari. Gobe za a wanke su a ɗaura wa wata motar haya mai ɗaukar mutum goma zuwa kasuwar Kafin Maiyaƙi, kuma da hannunka a ciki. Sa a tsaga gefensu da wuƙa a gabanka, ko ka zubo su a but ka kawo mini, ina da amfaninsu wajen ba tumaki ruwa. Kafin ka biya kuɗin sababbin, ɗauki hoton lambobin ka turo wa ƙaninka ya nuna mini.

Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yaran. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Ƙiru