An Soke Sunan Baƙo, Kayansa Suna Ɗaki

Mu mutanen Zango ba sai an gaya mana darajar takarda ba. Dattawanmu da suka ga watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar Ghana, har yanzu ba su yar da ko rasit ɗin famfo. Mun tashi mun tarar da takardar gida a ƙasan adaka, littafi a gafaka, hoton aure a cikin ambulan an naɗe da leda. Takarda kuwa tana da ƙarko. Wasiƙu da layu da malaman Kumasi suka rubuta da Larabci a farkon ƙarni na 19 suna nan har yau a babban ɗakin karatu na Kopanhagen a ƙasar Denmak, masana kuma suna danganta zuwansu can da yaƙin Katamanso na 1826. To ga shi mu jikokinsu mun kwashe ajiyarmu mun zuba a kwamfuta da waya, inda ɗan yatsa ɗaya yake share aikin shekara biyar kafin a ƙifta ido.

Mun ga haka da idonmu a wata makarantar Islamiyya da ke wajen Aboabo, inda muke cikin kwamitin gini. Ana tara gudunmawa don a ɗora bene, wasu su kawo da hannu, wasu ta momo, 'yan'uwanmu na Jamus da Amurka kuma su aiko nasu. Ma'ajinmu dattijo ne da kowa ya shaide shi, kuma jikansa ne yake shigar masa da lissafi a wata tsohuwar kwamfutar cinya. Rannan yaron yana neman wurin zuba fina-finai, sai ya haɗa da jakar lissafin ya goge, ya kuma zubar da kwandon shara. Saura kwana tara a karanta rahoto gaban iyaye. Kuɗin suna nan a banki, ko sidi ɗaya bai yi ciwon kai ba, amma wa ya ba da nawa? Kowa ya san Zango. In ma'aji ya tashi a taro ya ce kwamfuta ta cinye lissafi, kafin la'asar maganar ta kai Asawase, kuma ba a siffar da ta fita za ta kai ba. Dattijon nan kwana biyu bai iya cin abinci ba.

Da muka kai kwamfutar wurin wani mai gyara a Adum, bai ko kunna ta ba. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Baba, tun da abin ya faru an ci gaba da aiki da ita?" Dattijo ya ce, "Ɗana, yaron ya yi ta ƙoƙari dai, har ya sauko da wata manhaja a kanta don ya dawo da su." Mai gyara ya girgiza kai, ya zare faifan, ya jona shi a wata na'urar, ya fara kwafe shi gaba ɗaya kafin ya taɓa komai.

Dalilin tambayar tasa shi ne gundarin maganar, kuma ya kamata kowa ya riƙe shi. Ku tuna gidajen masu masauki na zamanin fataucin goro da shanu, inda maigida yake da littafin da ya rubuta wane baƙo ne a wane ɗaki. Haka faifan kwamfuta yake: akwai ɗakuna, akwai littafi. In an goge fayil, na'ura ba ta shiga ɗaki ta fitar da kaya. Sunan baƙo kawai take sokewa a littafi, ta rubuta cewa ɗakin babu kowa. Kayan suna nan a jibge har ranar da sabon baƙo ya zo aka ba shi ɗakin. Wato duk hoton da aka ɗauka, duk waƙar da aka sauke, duk manhajar da aka ɗora bayan gogewa, sabon baƙo ne mai neman ɗaki, kuma na'ura ba ta san ɗakin da ranka yake ciki ba. Ko kunna ta a bar ta kawai ma, tana 'yan rubuce-rubucenta a ɓoye.

Wannan sani ba sabo ba ne. Tun 1982 wani Ba'amurke, Peter Norton, ya fitar da manhajar dawo da abin da aka goge, kuma a 1991 MS-DOS 5 ta zo da tata. Waɗanda suka yi aiki a shagunan buga takardu a shekarun faifan filofi za su tuna cewa takan nemi ka faɗi harafin farko na sunan fayil ɗin, domin a tsarin FAT wannan harafin ne ake maye gurbinsa da alamar gogewa. Kwandon shara da muka saba da shi sai a Windows 95 ya zo. Shi ma ba komai yake tarewa ba: abin da aka goge daga filashi ko memori galibi ba ya bi ta cikinsa, haka nan wanda aka goge ana danne da maɓallin Shift.

A yau akwai manhajoji na kyauta, irin su Recuva, da PhotoRec ta wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier. Ita PhotoRec ba ta ma duba littafin maigida, ɗaki-ɗaki take bi tana gane kaya da alamarsu, wannan hoto ne, wancan takardar lissafi ce. Shi ya sa takan yi aiki ko a memorin da aka yi wa fomat na gaggawa, sai dai fayilolin sukan dawo ba suna, lambobi kawai. Sharaɗi ɗaya ne ba a karya shi: ba a ɗora manhajar a faifan da ake nema a ciki, kuma abin da aka samo a wani faifan dabam ake zuba shi.

Mu dai da lambobin nan muka koma gida. Dare uku muna buɗe su ɗaya bayan ɗaya, muna ware lissafi daga hotunan suna da na walima. Mafi yawa ya dawo lafiya. Lissafin watan azumi kuwa, wanda shi ne ya fi kowane wata shigar kuɗi, ya buɗe da wasu alamomi marasa ma'ana, don sabon baƙo ya riga ya kwana a kansa. Abin da ya cece mu shi ne saƙonnin momo da ke wayar ma'aji, da wani littafin makaranta mai bango ja na shugabar mata, wadda tun farko ta ce ita ba ta yarda da ajiyar da ba a iya taɓawa da hannu ba, tana rubuta nata da biro. Da an ga yadda ta ajiye littafin a kan tebur ranar taro, ba ta ce uffan ba.

Amma kada wani ya ji wannan ya saki jiki. Mun yi sa'a ne kwamfutar tsohuwa ce mai faifai mai juyawa. Sababbi da yawa suna zuwa da faifan SSD, wanda ake sanar da shi da zarar an goge abu, shi kuma ya share ɗakin ba da jimawa ba. Wayoyin yanzu su ma a kulle suke ajiye bayanai, in hoto ya bar kwandonsu, wanda yakan riƙe shi kimanin kwana 30, da wuya wani mai gyara ya dawo da shi, ko me ya yi maka alkawari. A ganinmu duk wanda ya ce a biya shi kafin ya duba, a ɗauki kaya a yi gaba.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi damunmu. In abin da aka goge yana iya dawowa a hannun mai shi, to yana iya dawowa a hannun wani. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga jami'ar British Columbia ta Kanada suka sayi tsohon faifai a Tema kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilar wani kamfani da ke yi wa gwamnatin Amurka aikin tsaro. In na Amurka ya fita haka, ina ga na 'yarmu da ta sayar da waya a Kejetia da memori a ciki, tana ganin ai ta goge hotunanta? Kafin a sayar da waya a cire memori, a fita daga asusun Google da WhatsApp, sa'an nan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kwamfuta mai tsohon faifai kuwa fomat na gaggawa bai isa ba, sai an yi cikakke wanda yake rubutu a kan kowane ɗaki, ko a zare faifan a ajiye a gida a sayar da gangar jikin.